Fansa, soyayya da dariya a finafinan kaboyi

A shekarar 1939 John Ford ya ɗora mutum tara a keken doki ɗaya, ya sa su hanya daga garin Tonto zuwa Lordsburg, a fim ɗinsa Stagecoach. Cikinsu akwai Ringo Kid, wanda John Wayne ya fito a matsayinsa, saurayin da ya tsere daga kurkuku don ya kashe Luke Plummer da 'yan'uwansa biyu, saboda sun kashe masa uba da ƙane. Akwai Dallas, mace mai zaman kanta, wadda matan gari masu ji da mutuncinsu suka kora. Akwai likita Boone, wanda giya ta gama da shi, ya maƙale wa wani mai tallar barasa yana shanye masa kayan talla. Mai tuƙa keken kuwa bakinsa ba ya hutawa da ƙorafin dangin matarsa da suka tare masa a gida. Mai kallo yana dariya, yana tausaya wa Dallas, amma duk tsawon tafiyar ya san akwai jini a ƙarshenta.

In aka duba da kyau, bai kamata abubuwan nan uku, fansa da soyayya da dariya, su zauna inuwa ɗaya ba. Mai neman fansa zuciyarsa a ƙulle take, ba shi da lokacin zance, balle wasa. Duk da haka finafinan kaboyi sun yi shekaru kusan arba'in suna cuɗa su, wasu suka yi kyau har yau ana kallonsu, wasu suka lalace. Abin da ya raba masu kyau da lalatattun, a ganina, shi ne wanda ake yi wa dariyar.

Sai an fara sanin dalilin da ya sa fansa ta samu wurin zama a irin wannan fim. Kamfanonin Hollywood sun rubuta wa kansu dokar tace finafinai a 1930, suka fara aiki da ita gadan-gadan a 1934 ƙarƙashin Joseph Breen, ba a ajiye ta ba sai 1968. Ɗaya daga cikin sharuɗɗanta shi ne kada fim ya nuna ramuwar gayya a matsayin abin da ya dace idan labarin na zamanin yanzu ne. Amma dokar ta bar ƙofa ga labaran da suka faru a wani zamani ko wata ƙasa da tsarin shari'a bai kafu ba. Yammacin Amurka bayan yaƙin basasa, daga 1865 zuwa wajen 1890, ya shiga ta ƙofar nan daidai: garuruwa ne sababbi, kotu tana da nisa, sherif, wato babban jami'in tsaron gari, sau da yawa yana aljihun mai kuɗi. Marubucin da ba zai iya sa ɗan birnin New York ya kashe wanda ya kashe ubansa ya tafi salin-alin ba, yana iya ɗora masa malfa, ya ba shi doki, ya mayar da shi Texas. Ringo ya kashe mutum uku a titin Lordsburg, jami'in da ya kama shi da kansa ya sake shi ya ƙetare iyaka da Dallas, kuma masu tacewa suka bari.

Akwai kuma batun kasuwa. Gidan silima yana son maigida da uwargida da yara duk su sayi tikiti. Ƙananan finafinan kaboyi na sa'a guda, irin waɗanda kamfanin Republic ya riƙa fitarwa da Gene Autry da Roy Rogers, suna da tsari sananne: jarumi ya yi faɗa, ya yi waƙa, ga yarinya, ga abokin tafiya ɗan barkwanci irin Gabby Hayes ko Smiley Burnette. Kasuwa ta bayyana dalilin da ya sa aka zuba kayan a tukunya ɗaya, amma ba ta bayyana yadda wasu daraktoci suka sa miyar ta haɗu ba.

Labarin fansa zalla yana da matsala a cikin kansa. Hanya ce miƙaƙƙiya: an yi maka ɓarna, ka bi sawu, ka cim masa, ka kashe. Da zarar abokin gaba ya faɗi, jarumi ya rasa abin da ya riƙe shi a raye. Kuma kafin ya kai can, ya ɗauki halin wanda yake farauta. Daraktocin shekarun 1950 sun gane wannan sarai. A Winchester '73 na Anthony Mann, a 1950, wanda James Stewart yake bi da bindiga ɗan'uwansa ne na jini. A The Bravados na 1958, Gregory Peck ya bi mutum huɗu da yake zaton su suka kashe matarsa, ya kashe uku, sai na huɗun ya tabbatar masa ba su taɓa taka gonarsa ba. Hausawa suna cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, to waɗannan finafinan sun nuna zafin yana komawa kan mai ramuwar.

Aikin soyayya a nan shi ne ta ba jarumi wani abin da zai yi asara. Kafin Ringo ya haɗu da Dallas, mutuwarsa a Lordsburg ba za ta dami kowa ba, har shi kansa. Ford ya gina abin a hankali. A zangon farko da aka zauna cin abinci, Ringo ya ja wa Dallas kujera, matar hafsan soja da masu mara mata baya suka tashi suka koma can ƙarshen teburi, shi kuma ya ɗauka shi ake gudu saboda ɗan kurkuku ne. Rashin fahimtar nan abin dariya ne, kuma shi ne ya nuna mana tsarkin zuciyarsa. Bayan matar hafsan ta haihu a hanya, likita mashayi ya kwankwaɗi baƙin kofi ya wartsake ya karɓi haihuwar, Dallas ta kwana tana jinya, sai Ringo ya nemi aurenta. Ita kuma ta roƙe shi ya manta da Plummer, ya hau doki ya gudu. Daga nan harsasai ukun da ya ɓoye suka zama caca da rayuwar mutum biyu. Shi ya sa da aka zo faɗan ƙarshe, Ford bai tsaya nuna mana shi sosai ba. Ringo ya faɗi ƙasa yana harbi, kyamara ta koma kan fuskar Dallas tana jin ƙarar bindiga daga nesa.

Tsarin yana da aibinsa. A yawancin finafinan nan mace ba ta da wani aiki sai roƙon namiji ya ajiye bindiga, shi kuma ya ƙi, labari ya ba shi gaskiya, sannan ya dawo ya same ta tana jira. An ba ta hujja mai kyau, an hana hujjar yin nasara.

Fim ɗin da ya fi kowanne amfani da dariya a matsayin hujja ya fito ne a wannan shekarar ta 1939, wato Destry Rides Again na George Marshall. Garin Bottleneck yana hannun wani ɗan caca mai suna Kent. Ya kashe sherif, aka naɗa mashayin gari, Wash, don a samu ɗan amshin shata. Wash ya ba su mamaki, ya bar giya, ya aika a kira masa Tom Destry, ɗan tsohon maigidansa wanda ya shahara da iya harbi. Jama'a suka taru suna jiran ƙato mai bindigogi biyu, sai ga James Stewart ya sauko daga keken doki riƙe da lemar wata mata da kejin tsuntsu. Ba ya ɗaukar bindiga. Ya shiga mashaya ya ce a ba shi madara. In rigima ta tashi sai ya fara ba da labarin wani mutum da ya taɓa sani. Gari gaba ɗaya ya mayar da shi abin wasa, mu ma masu kallo muka taya su.

Sannu a hankali dariyar take juyawa. Destry ya ari bindiga ya nuna ya fi kowa a garin saiti. Dalilinsa na ƙin ɗaukarta shi ne ubansa, duk da iya harbinsa, ta baya aka harbe shi. Watau mutumin nan yana da cikakken dalilin neman fansa, ya zaɓi ya bi ta hanyar doka, yana tattara shaida yana murmushi. Waɗanda suka yi masa dariya su ne suka zama wawaye. Marlene Dietrich, wadda masu gidajen silima suka saka cikin jerin taurarin da ba sa kawo kuɗi a 1938, ta fito a matsayin Frenchy, mawaƙiyar mashaya kuma abokiyar cutar Kent, ta dawo da sunanta da wannan fim. Soyayyarta da Destry ta fara ne da jifa da kwalabe da kujeru.

Sai aka harbe Wash ta baya, kamar yadda aka yi wa uban Destry. A nan wasa ya ƙare, Destry ya ɗaura bindigogin ubansa. Wasu suna ganin fim ɗin ya ci amanar kansa a wannan gaɓar, tunda ya yi sa'a guda yana koya mana bindiga ba ta magani, sannan ya koma gare ta. Ni ina ganin abin ya fi haka zurfi. Ba bindigar Destry ce ta karya 'yan Kent ba, matan gari ne suka fito ɗauke da muciyoyi da sanduna suka cika mashayar, suka hana maza harbin juna. Kuma harbin da aka yi a ƙarshe bai zo kyauta ba, Frenchy ta tare harsashin da aka nufi Destry da shi, ta mutu a hannunsa. Dariyar farkon fim ita ta sa mutuwar Wash da ta Frenchy suka yi ciwo, don mutum ba ya jimamin wanda bai taɓa sakin jiki da shi ba.

The Searchers na 1956, shi ma na John Ford, ya fi wuyar sha'ani, kuma a nan ne ake ganin amfanin haɗin da haɗarinsa a fim ɗaya. Ethan Edwards, John Wayne ke nan kuma, ya dawo gidan ɗan'uwansa a Texas a 1868. Ba a faɗa da baki ba, amma yadda matar ɗan'uwan, Martha, take shafa rigarsa a ɓoye ya isa a gane abin da ke tsakaninsu. Mayaƙan ƙabilar Comanche, 'yan asalin ƙasar, suka kai hari, suka kashe ta da mijinta, suka tafi da ƙaramar 'yarsu Debbie. Ethan ya yi shekara biyar yana nema, tare da Martin, yaron da gidan suka raina. Tun ana ɗauka ceto zai yi, har aka gane niyyarsa ita ce ya kashe yarinyar, don a wurinsa ta ƙazantu da zama cikin 'yan asalin ƙasar. Soyayya a nan ita ce tushen dafin, ba maganinsa ba. Scar, shugaban Comanche ɗin da Ethan yake farauta, shi ma ya gaya masa fararen fata sun kashe masa 'ya'ya biyu, shi ya sa yake ramawa.

Ford ya saka barkwanci a gefen wannan duhun. Laurie tana jiran Martin, shi kuma wasiƙa ɗaya tak ya rubuta mata a shekara biyar. Ta gaji za ta auri wani mai kaɗa jita, ranar ɗaurin aure Martin ya dawo, ango da tsohon saurayi suka yi ta birgima a ƙasa suna cizon juna. Masu sharhi da yawa suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Amma can cikin bikin, Laurie ɗin nan da muke ta yi wa dariya, sanye da kayan amarci, ta ce wa Martin ai Martha ma da tana raye za ta so a harbe Debbie. Dariyar ta sa mun saba da mutanen garin, mun ɗauke su namu, sai fim ya nuna mana ƙiyayyar Ethan tana cikin kowane gida.

Akwai wurin da Ford ya kauce. Martin ya je ciniki wurin 'yan asalin ƙasar, yana zaton bargo ya saya, ashe mata aka aura masa. Suna kiranta Look. Da dare ta zo ta kwanta kusa da shi, ya sa ƙafa ya hankaɗa ta ta gangara tudu, Ethan yana ƙyaƙyata dariya, kuma an shirya wurin ne don mai kallo ma ya dara. Daga baya suka tarar da gawarta a wani sansani da sojojin Amurka suka afka wa. Masu kare Ford suna cewa da gangan ya yi, don mai kallo ya ji kunyar dariyarsa. Ko da haka ne, wannan mata ba ta yi wa kowa laifi ba, ba ta da ƙarfi, ba ta da mai tsaya mata, kuma an yi amfani da ita a matsayin abin wasa. Dariyar Destry tana sauka a kan masu taƙama da bindiga. Wannan ta sauka a kan wadda aka zalunta.

Cat Ballou na 1965, wanda Elliot Silverstein ya ba da umarni, ya juya tsarin gaba ɗaya. Littafin da aka ɗauko labarin daga ciki ba na barkwanci ba ne, masu fim suka mayar da shi. Jane Fonda ce Cat, malamar makaranta da ta dawo gida Wolf City a Wyoming, ta tarar wani kamfani yana son ƙwace gonar ubanta, ya ɗauko makashi mai hancin ƙarfe, Tim Strawn. Ta tura kuɗi a kira mata Kid Shelleen, gwarzon da ta karanta labarinsa a littattafai, sai aka sauke mata tsohon mashayi wanda hannunsa ke rawa, ba ya iya samun ko bangon rumbu da harsashi sai ya kurɓa. Lee Marvin ne ya fito a matsayin mutanen biyu, makashin da mashayin, ya kuma ci lambar Oscar ta gwarzon jarumi da wannan rawa. Hoton da aka fi tunawa shi ne Shelleen a kan doki ya jingina da bango a buge, dokin ma ya jingina ya harɗe ƙafafu. Nat King Cole da Stubby Kaye suna bin labarin da waƙa tun daga farko har ƙarshe, kuma Cole ya rasu a watan Fabrairun 1965, kafin fim ɗin ya fito.

Abin da ya tsare fim ɗin daga zama shirme shi ne ba a taɓa yi wa baƙin cikin Cat dariya ba. An harbe ubanta a gabanta, ta je wurin sherif ya nuna mata bai ga komai ba, makashin yana zaune a gari hankali kwance. Ana cikin zaman makoki Shelleen ya shigo a buge, ya ga kyandirori kewaye da akwatin gawa, ya ɓarke da waƙar murnar zagayowar ranar haihuwa. Mai kallo yana dariya har da hawaye, amma Shelleen yake yi wa, da kuma tatsuniyar gwarzon kaboyi da Hollywood ta yi shekaru tana sayarwa. Mazan fim ɗin, har da saurayinta ɓarawon shanu, duk ragwaye ne masu neman hanyar zillewa. Ita kaɗai ce ta tsaya a kan magana ɗaya, ta kai su fashin jirgin ƙasa, ta shiga har taragon mai kamfanin. A nan namiji ne yake roƙon mace ta haƙura su je su yi aure.

Shekara shida bayan haka Burt Kennedy ya gwada irin wannan da Hannie Caulder, Raquel Welch tana neman 'yan'uwa uku da suka kashe mijinta suka yi mata fyaɗe. Sai aka mayar da mutanen ukun 'yan barkwanci, suna ta shirme suna zagin juna. Mai kallo ya rasa inda zai tsaya: yanzun nan ya ga abin da suka yi mata, yanzu kuma ana so ya ji daɗin zama da su. 'Yan wasan gwanaye ne, Ernest Borgnine da Jack Elam da Strother Martin, amma gwanintarsu ba ta iya ɗinke wannan ɓarakar ba.

Da salon ya koma hannun Italiyawa, waɗanda suka riƙa ɗaukar finafinansu a busasshiyar ƙasar Almería ta Sifaniya, sai kayan suka fara rabuwa. Sergio Leone ya ɗauki fansa ya ƙara mata nauyi. A Once Upon a Time in the West na 1968, sai a ƙarshen fim ake sanin abin da Henry Fonda ya yi wa Charles Bronson tun yana yaro, kuma bayan ya rama bai tsaya wurin Claudia Cardinale ba, ya hau doki ya wuce. Su kuma Terence Hill da Bud Spencer, daga They Call Me Trinity na 1970, suka ɗauki barkwancin, mari da naushi da cin wake, suka bar fansar.

Masu kallo a nan sun san abin nan ta hanyoyi biyu. Gidajen silima na Kano irin su Rex da Palace da Plaza sun haska finafinan kaboyi tare da na Indiya. A Nijar kuwa, tun 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen Turawa suka addabi ƙauyensu. A fim ɗin ne Zalika Souley ta fara fitowa.

Amma inda haɗin ukun ya sake tashi da cikakken ƙarfinsa shi ne Indiya, a Sholay na Ramesh Sippy, 1975. Kashe iyalin Thakur, jami'in 'yan sanda, da ɗan fashi Gabbar Singh ya yi an gina shi ne a kan kisan iyalin da ke fim ɗin Leone. Sai dai marubutan, Salim da Javed, sun yi wata dabara da Hollywood ba ta cika yi ba: sun raba aikin ga mutane dabam-dabam. Fansa ta Thakur ce, wanda aka sare wa hannuwa, ba ya dariya ko sau ɗaya bayan abin ya faru. Barkwanci da soyayyar surutu na Veeru ne da Basanti mai keken doki, har da hawansa tankin ruwa a buge yana barazanar faɗowa in ba a ba shi ita ba. Soyayyar shiru ta Jai ce da Radha, wadda aka kashe mijinta, ɗan Thakur. Da yake ba mutum ɗaya ke ɗauke da duka ba, fim ɗin yana tsallakawa daga raha zuwa makoki ba tare da ya zubar da mutuncin kowa ba. Gabbar kansa yana dariya, amma dariyarsa tsoro take sawa, ba a taɓa gayyatar mai kallo ya taya shi ba.

Har matsalar masu tacewa sai da Sholay ya gada. A yadda Sippy ya fara ɗauka, Thakur ne ya tattake Gabbar da takalma masu ƙusoshi har ya mutu. Hukumar tace finafinai ta Indiya, a lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, ta ƙi yarda a nuna tsohon jami'in 'yan sanda ya ɗauki doka a hannunsa. Aka sake ɗaukar ƙarshen, 'yan sanda suka iso a daidai lokacin, suka tuna wa Thakur aikin da ya taɓa yi, suka tafi da Gabbar da rai.